Fita cin abinci da yara a Malesiya: ni dai a barni da mamak

A gidanmu a Zariya ba'a fita cin abinci, wannan ba abin ɓoyewa bane. Namiji dai zai iya tsayawa wajen mai shayi ko mai tsire, ko yaci a kasuwa in rana tayi masa a can, amma ace magidanci ya kwashi mata da 'ya'ya sunje sun zauna a bainar jama'a suna kai loma, to sai an tambaya ko lafiya, ko tukunyar gidan ce ta fashe. Da wannan tarbiyyar na sauka Malesiya da yara biyu da goyo, na biyo Abbansu da yake digiri na uku a UPM, jami'ar nan dake Serdang a jihar Selangor, kudu da Kuala Lumpur kaɗan. Asalinta makarantar koyon aikin gona ce tun 1931, shiyasa har yanzu in kuka zaga ciki zaku ga gonaki da shanu. Da farko kam dagewa nayi kullum sai na ɗora sanwa, na taho da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajina har sai da muka biya kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi, tuwo kuwa da garin suji na Indiyawa nake tuƙawa ko na shinkafa.

Maƙwabta ne suka sauke ni daga kan wannan dokin. Da anyi magariba zaka ga kowa na saukowa daga bene, uwa da uba da kaka da jariri a kafaɗa, duk wajen abinci suka nufa, matan nan da hijabansu har ƙirji ba wadda take sunkuyar da kai don za'a ganta tana ci. Wata maƙwabciyata malamar firamare da nace mata sau uku nake girki a rana sai da ta dafa kafaɗata kamar mai yi min jaje, tace ita sai ƙarshen mako take kunna murhu. Ga Abbansu yana lab tun safe har dare, ga zafi da gumi, ga yara a kulle a filat ba tsakar gida ba 'yan uwa, sai nace to, in kaje gari kaga kowa da jela kaima nemi taka ka ɗaura.

Duk inda muka zaga muka ci a ƙasar nan, in aka ce in zaɓi guri ɗaya da mai ƙananan yara zata je ta ci abinci hankalinta kwance, mamak zan ce ba sai nayi tunani ba. Mamak Indiyawa ne Musulmi, kakanninsu daga kudancin Indiya suka zo, 'yan Tamil, kuma sune suka riƙe shagunan abincin da basa rufewa, da yawansu awa 24 suke yi. Shagon ba ƙofa ba taga, gabansa a buɗe yake gaba ɗaya, teburan ƙarfe, kujerun roba, fankoki na ta kaɗawa a sama, ga ƙatuwar talabijin a bango, da dare kuma sai a fito da tebura har inda ake ajiye motoci. Da yake sun riga Najeriya da awa bakwai, wasan ƙwallon Ingila da kuke kallo da la'asar su sai goma ko sha ɗayan dare yake zo musu, to lokacin ne gurin yake cika maƙil, samari na ihu, mai soya taliya na ƙwanƙwasa kasko da ƙarfe, mai roti na maka ƙullu a tebur, masu kawo abinci na ƙwala wa kicin oda daga nesa. A cikin wannan hayaniyar wa zai ji kukan ɗanki? Wannan shine sirrin. Yaro ya buga cokali, ya zubar da ruwa, ya sauka ya bi mage ƙarƙashin tebur, ba mai juyowa ya kalle ki, don teburin kusa da ku ma nasu yaran abinda suke yi kenan.

Kafin ki gama zama an jawo miki doguwar kujerar jarirai, ba sai kin tambaya ba, da sun hango goyo shikenan. Kuma abinci baya daɗewa, wanda duk uwa ta san haƙurin yaro mai jin yunwa baya wuce 'yan mintoci. Roti canai muke fara cewa a kawo, ƙullun fulawa ne da mai, mutumin zai ta wurga shi yana juyawa a iska har yayi shara-shara kana hango hannunsa ta ciki, ya naɗe ya soya a faffaɗan kasko, in ya sauke sai ya tafa shi tsakanin tafukansa biyu ya ɗan dagargaje, a kawo da miyar dal, wani ɗan wake nasu, mara yaji sosai, da kori, miyarsu mai kayan ƙamshi, a gefe. Lokacin ringgit ɗaya da 'yan kai ne guda, a fasa ƙwai a ciki a ƙara kaɗan. Babbar tawa da na tsakiyan basa ma zama, gaban mai rotin suke zuwa su tsaya baki buɗe, shi kuma da yaga ya samu 'yan kallo sai ya ƙara salo, wani lokacin ya gutsura musu ɗan ƙullu su dawo tebur suna murzawa, wannan ƙullun kaɗai ya sha bani damar cin abinci da zafinsa. Haka mai shayi, teh tarik suke ce masa, daga wannan moɗa zuwa waccan yana ɗaga hannu har sama da kansa ba ɗigon da zai zuba, sai yayi kumfa. Ranar da ake son burge yara kuma roti tisu ake cewa a kawo, siriri ƙayau an naɗe shi tsororo, wani tsayinsa ya kai hannun babba, an yaryaɗa masa madara da suga.

Yawancin masu kawo abincin ba 'yan ƙasa bane, ma'aikata ne daga Indiya ko Bangaladash da suka baro iyalansu. Akwai wani a shagon ƙasan gidanmu, kowa bos yake ce masa shima bos yake ce wa kowa har da ɗana ɗan shekara uku, duk sanda muka je sai ya ɗauki autar ya zaga da ita wajen tankin kifi. Rannan ya ciro waya ya nuna min hoton wata yarinya da kwalli raɗau a ido da ɗigon baƙi a kumatu, yace tasa ce, yana nan aka haife ta bai taɓa ɗaukarta ba sai dai a bidiyo. Daga ranar ban ƙara jin komai ba in ya miƙo hannu.

Matsalar mamak da duk abincin ƙasar abu biyu ne, yaji da suga. Mu Hausawa muna ganin mun iya cin yaji, to akwai wani ɗan mitsitsin barkono da suke yankawa cikin baƙin ruwan waken soya su ajiye a gefe, cili padi, wannan ko Abbansu da yake cika baki sai da yayi hawaye. In zaki yi wa yaro oda dole ki ce tak nak pedas, wato bakya son yaji, ki maimaita, ki nuna yaron da yatsa, duk da haka ki ɗanɗana kafin ki bashi, don abinda su suke kira ba yaji ya isa ya sa ɗan shekara uku ya tashi gurin da ihu. Nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa wadda ita ce karin kumallon ƙasar, ita kanta lafiya lau yara na sonta da dafaffen ƙwai da kokwamba, amma akwai sambal, wata jar miyar barkono da ake zubawa a gefen farantin, na tsakiyan nawa ya ɗauka miyar tumatir ce ya cika cokali ya kai baki kafin in ankara. Ruwa bai yi masa komai ba, madara wata mata ta miƙo daga teburinsu. Sannan gyaɗa da ƙananan busassun kifi da dakakken jatan lande suna cikin abubuwa da yawa ba tare da an rubuta ba, wata ƙawata 'yar Katsina da ɗanta baya shiri da gyaɗa kullum da kular abincinsa take yawo.

Suga kuwa sai addu'a. Shayi, Milo, lemon tsami, wani ruwan hoda mai madara da suke kira bandung, duk da madarar gwangwani mai kauri ko ruwan suga ake haɗawa, in baki ce kurang manis ba, a rage zaƙi kenan, abinda za'a kawo miki sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Akwai ma wanda ake tula garin Milo a saman Milo mai ƙanƙara, yara na gani a teburin wasu zasu fara zungurin ki. Ki bari su sha wannan da tara na dare, to ku da barci sai ɗaya saura. Su kansu sun san abin ya musu yawa, binciken lafiya na ƙasar na 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya yana da ciwon suga. Ni dai ƙa'idar da na kafa da dare ruwan ɗumi kowa zai sha, air suam, kusan kyauta ne, Milo sai da rana kuma kofi ɗaya a raba biyu. Ana kuka ana komai haka aka saba.

Wani abin da ya sauƙaƙa zuwa mamak shine dokar hana shan taba a wuraren cin abinci da ta fara aiki 1 ga Janairun 2019, har da na waje marasa bango, mai sha sai ya matsa mita uku daga teburan. Ba kowa ke bi ba gaskiya, musamman can cikin dare, amma waɗanda suka riga mu zuwa sunce da can da jariri baka iya zama teburan waje saboda hayaƙi.

A ƙananan rumfunan Malay kuma, ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, rumfunan da suke kira warung, abinda na fi so shine da hannu ake ci, manya da yara, mai kwat da mai zani, ba mai kallon ɗanki don ya dumbuza shinkafa da yatsu biyar. A kan tebur akwai wata 'yar buta ta silba ko ta roba zaune a kan mazubinta mai ɓuli-ɓuli, ta wanke hannu ce. Babbar tawa ta ɗauka ta tsiyaya a kofi zata sha, wata tsohuwa daga can ta taso da sauri tana kaɗa hannu tana dariya, ta kama hannun yarinyar ta wanke mata a kan mazubin tana mata bayani da yarensu, ita kuma tana gyaɗa kai kamar tana ji. Abincin a jere yake cikin tire-tire ki ɗiba da kanki, mai gurin ya dubi farantin ya faɗi kuɗi. Sai dai yawanci na rana ne, kuma maguna sun fi yawa.

Maganar halal kada wanda zai zo ya saki jiki wai ai ƙasar Musulmi ce. Musulmi sun ɗan haura kashi 60 cikin ɗari ne, sauran akwai 'yan China da Indiyawa masu wasu addinai, kuma unguwar da take maƙwabtaka damu, Seri Kembangan, 'yan China ne suka fi yawa, naman alade a rataye zaki ganshi a gaban shago. Hukumar JAKIM ce take bada tambarin halal, shi ake dubawa a ƙofa ko wajen biyan kuɗi. Wasu guraren zasu rubuta ba naman alade kawai, wannan ba takardar shaida bace, yana iya yiwuwa ana girki da giya ko naman ba yankan Musulmi bane. Ƙananan rumfunan Malay da yawa basu da takardar amma kina ganin masu gurin kin san Musulmi ne. Wahalar da yara ita ce su basu san wannan lissafin ba, ƙamshi kawai suke bi, sai da babbar ta iya gane tambarin da kanta muka huta, har ta zama ita ce 'yar hisbar gidan, kafin mu shiga ko'ina sai ta leƙa ta dawo tace Umma akwai.

Mun taɓa gwada irin gurin nan na 'yan gayu, ranar da aka karɓi takardar binciken Abbansu a mujalla yace yau sai mun ci na manya. Wani gidan abinci ne a saman wani katafaren mol, farin kyalle a tebur, kofunan gilashi dogaye, cokula kala-kala, kiɗa na tashi ƙasa-ƙasa, kowa na magana kamar ana raɗa. Ba wanda ya ce mana komai, ma'aikatan har da kawo wa yara takarda da fensir mai kala, amma shirun gurin kansa shine horon. Abinci ya daɗe bai zo ba, na tsakiyan ya gama zane ya koma kan gishiri, babbar tana tambaya da ƙarfi me yasa waccan matar bata sa ɗankwali ba, autar kuma ta zaɓi lokacin da aka ajiye faranti ta tsanyare. Haka na ɗauke ta na fita ina jijjigawa a baranda ina leƙen abincina ta gilashi yana hucewa, na dawo shi ya karɓe ta ya fita, bamu zauna tare ba ko na minti biyar. Da aka kawo takardar kuɗi kuma sai ga abinda alamar ++ ɗin nan dake jikin farashi take nufi, kashi 10 na hidima, kashi 6 harajin gwamnati, duk a kan abincin da rabinsa a leda muka fito dashi. Mai tallafin karatu da iyali biyar, ai sai a hankali.

In ana son zama na mutunci ba tare da wannan azabar ba, gidajen abincin Larabawa ne, musamman na 'yan Yaman, suna da yawa a kewayen Serdang da Cyberjaya da kuma can Bukit Bintang cikin birni, sun ƙara yawa bayan yaƙin ƙasarsu ya tsananta a 2015. Da yawansu suna da ɓangaren iyali, 'yan ɗakuna da labule, kafet da matasai a ƙasa, a cire takalmi a shiga. A kawo shinkafar mandi a babban tire da kaza ko naman rago da ya dahu har yana zamewa daga ƙashi, yajin daban yake a ɗan kwano don haka yara na ci ba fargaba. Ki kwantar da jaririya a gefenki, ki shayar da ita, ki sassauta hijabi, yaro ya zubar da shinkafa a kan ledar da aka shimfiɗa a naɗe a zubar. Ga uwa mai shayarwa ba kamarsa. Kuɗinsa ne dai ya ninka na mamak, shiyasa sai an biya alawus ko munyi baƙi. A nan matan 'yan Arewa muke haɗuwa in wata ta gama karatu zata koma gida.

Kajang bata da nisa damu, garin da ya shahara da satay. Wannan kam tsire ne ya je makaranta a ƙasar waje, nama a tsinke a kan garwashi ana fifita, sai dai maimakon a barbaɗa ƙuli sai a dama gyaɗar ta zama miya mai kauri a kwano kana tsomawa, naman kuma an jiƙa shi da kurkur da suga don haka zaƙi-zaƙi yake, a haɗo da albasa da kokwamba da curin shinkafa da aka yanka. Yara na sonsa sosai amma idona baya barin tsinkayen nan, da an zare nama nake tattarewa gefena, don na tsakiyan da ya samu biyu ya samu takubba.

Sai abinda ba'a cika faɗa ba. Yaranmu baƙaƙe ne, kuma a gidan abinci kowa na da lokacin kallo. Comel, comel, haka zaki ta ji, wai kyakkyawa, a ja kumatu, a shafa kitson babbar ana tambaya awa nawa ake yi ana wannan, wasu su ciro waya. Yawanci da zuciya ɗaya ne na sani, amma hoto kam hanawa nake, cikin murmushi in ɗaga hannu, ban san inda zai ƙare ba, kuma yarinyar da kanta ta fara ɓuya bayana in taga an nufo kanta. Amma wani abu da Abbansu ya lura dashi, in shi kaɗai ne ko shi da abokansa maza, akwai guraren da ake musu wani irin kallo, saboda sunan da wasu 'yan damfara daga ƙasashenmu suka ɓata mana, har gidan haya akwai masu cewa basa ba 'yan Afirka. In ya shigo da yaro a kafaɗa da mata da hijabi a bayansa kuwa sai fuska ta sake, a fara tambaya daga ina, Musulmi ne, me kake karanta. Yakan ce yaran nan sun fi katin makarantarsa aiki.

Hutun ƙarshen zango muka tafi Penang, can arewacin ƙasar. Jirgin ƙasa na ETS muka hau daga KL Sentral, babbar tashar Kuala Lumpur, zuwa Butterworth, wajen awa huɗu, daga nan muka tsallaka da jirgin ruwa zuwa George Town, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Duk wanda kika ce wa zaki Penang abinci zai fara lissafa miki, amma kaso mai yawa na abincin titin da ake yabo na 'yan China ne kuma da kitsen alade ake soya wasu, don haka mu wucewa muke muna shaƙar ƙamshi ina jan hannun yara. Namu shine nasi kandar, a nan aka haife shi, asalinsa Indiyawa Musulmi ne suke rataya tukunyar shinkafa da ta kori a sanda su saɓa a kafaɗa suna sayar wa leburorin tashar jiragen ruwa. Munje Hameediyah a titin Campbell, wanda yake nan tun 1907, layi har waje. Tsarin shine ki tsaya gaban gilashi ki nuna abinda kike so, kaza ko kifi ko nama, da kuɓewa guda-guda da ba'a yanka ba, sai mai zubawa ya bi tukwanen kori yana ɗibo kaɗan-kaɗan daga kowacce yana kwarara wa shinkafar har ta nutse. Daɗi kam ba'a magana. Na yara farar shinkafa da soyayyar kaza nace, ina tare farantin da hannu kada ludayin nan ya biyo ta kai don hannunsu ya riga ya saba.

Amma gaskiya layi da yara a zafin Penang ba abin wasa bane, Abbansu ne ya tsaya mu muka raɓe a inuwar barandar shagunan, kuma tsofaffin titunan nan keken jarirai baya tafiya a kansu, hawa da sauka ne da babura a hanya. Sauran kwanakin bungkus muke cewa, a ƙunshe mana a takarda mu koma masauki mu shimfiɗa jarida a ƙasa. A wani shagon daban Abbansu ya nuna wani ƙaton jatan lande guda ɗaya ba tare da ya tambayi kuɗinsa ba, shi kaɗai ya kusa kuɗin abincinmu gaba ɗaya, haka ya raba mana shi huɗu yana cewa kowa ya tauna a hankali.

Azumi kuma wani babi ne. Ana shan ruwa wajen bakwai da 'yan mintoci, kuma al'adarsu tun kafin lokaci ake cika gidajen abinci, kowa ya karɓi nasa ya ajiye a gabansa ya zauna yana jiran kiran sallah, abinci na ta tururi ba mai taɓawa. To ki kai ɗan shekara uku irin wannan gurin. Namu ana ajiyewa ya fara aiki, yana tauna yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, can ya nuna wani dattijo mai hula a teburin kusa yace Umma wannan baban baya son abincinsa ne? Da Abbansu ya fassara masa sai da dattijon ya riƙe ciki don dariya, ya tura masa farantin dabinonsa. Amma ana kiran sallah sai kowa ya ci a gurguje a ruga masallacin gurin, surau, wanda kusan kowane mol da tasha suna dashi, mu kuma sai an yi canji, ɗaya yaje ɗaya ya tsare yara da tebur.

Shiyasa a azumi muka koma bazar, kasuwar abincin buɗa baki da ake kafawa a kowace unguwa daga la'asar, rumfuna a jere, gasasshiyar kaza mai miyar kwakwa, murtabak wato roti da aka cusa wa nama da ƙwai, kunun shinkafa mai nama da suke kira bubur lambuk wanda masallatai ma suke rabawa kyauta, na masallacin Kampung Baru dake Kuala Lumpur shine yafi suna, da lemuka kala-kala a manyan robobi. A saya a koma gida. Da wuri ake zuwa, wajen biyar, kafin cunkoso kuma kafin hadarin yamma ya sauko don ruwan ƙasar baya sallama. Keke baya ratsa mutanen nan, don haka zani nake sawa in goya autar in ɗaure da majanyi, hannu ɗaya babbar ɗaya na tsakiyan, Abbansu na biye da ledoji. Goyon nan ya fi komai tsayar da mutane, suna ta leƙa bayana suna neman inda igiya ko maɓallin yake. Wata mai sayar da murtabak mai tsohon ciki sai da ta bar kaskonta ta zagayo tace don Allah in kwance in sake ɗaurawa ta gani, na kwance na sunkuya na sake a gabanta sau biyu, mijinta na ta mita murtabak na ƙonewa, ita kuma tana cewa in dawo bayan sallah in ta haihu da zanin da zan sayar mata.